Isnadin Gaisuwa: Sharhi a kan Katin Sallah na Intanet da Wasiƙun 'Yan Damfara

Duk wanda ya san Tudun Wadan Zariya, unguwar nan da ta kafu a zamanin Turawa tsakanin ganuwar Birni da Sabon Gari, ya san mutanenta sun daɗe da sabawa da takarda da tawada, tun daga 1939 da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a hannun Malam Abubakar Imam, da 1945 da aka kafa Kamfanin Gaskiya a maƙwabtansu, har zuwa shekarun da ma'aikatan asibiti da ɗaliban Kongo suke sayen katin Sallah tun azumi bai kai ashirin ba, su rubuta sunan masoyi a bayan ambulan, su liƙa kan sarki, su kai gidan waya. A wancan zamani ba a jin mai tambayar ko kati sahihi ne ko jabu, domin shaidunsa suna jikinsa: ga rubutun hannun da ka sani, ga hatimin gidan waya da sunan gari da kwanan wata, ga shi kuma ko da maƙiyinka ne ya aiko, buɗe ambulan ba ya rage maka ko anini a aljihu. Masu sayen katin zaɓe su aika Rediyon Kaduna su ma haka suke, a karanta sunan mai gaisuwa da unguwarsa, duk Arewa tana ji.

Tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001, gaisuwa ta yi ta ƙaura daga takarda zuwa gilashi, har ta kai ga daren jajibiri mutum yakan iske wayarsa ta cika maƙil da hotunan masallatai da jinjirin wata da furanni, waɗansu ta WhatsApp, waɗansu ta Facebook, waɗansu kuwa, musamman ga malaman jami'a da ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa masu hulɗa da ƙetare, ta akwatin imel. Galibin waɗannan daga 'yan uwa suke da abokan arziki, babu komai a cikinsu sai alheri. Amma a tsakaninsu akwai waɗanda suka yi shigar gaisuwa alhali jakadun ɓarayi ne, kuma mas'alar da ke gabanmu ita ce yadda mutum zai rarrabe wannan da wancan ba tare da ya cutu ba, ba kuma tare da ya koma mai zargin kowa ba. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne malaman hadisi sun riga sun bar mana ma'auni: a duba isnadi, wato ta hannun wa saƙo ya zo, a kuma duba matani, wato me saƙon ya ƙunsa, me kuma yake nema.

Ba a gane jabu sai an san na gaske. Katin gaisuwa na intanet ya faro ne a ƙarshen 1994, sa'ad da wata mai bincike, Judith Donath, ta buɗe wani shafi a jami'ar MIT ta Amurka, inda mutum zai zaɓi hoto, ya rubuta 'yan kalmomi, ya sa adireshin imel na wanda yake nufi, shafin kuwa ya aika wa wancan 'yar sanarwa cewa wane ya ajiye maka kati, ga hanyar da za ka bi ka gani. Abin ya karɓu ƙwarai, kamfanoni suka shigo ciki, har aka sayi shafin katin Blue Mountain a 1999 a kan dala miliyan 780. Sai dai tun asali akwai ɓaraka a cikin wannan tsari, domin katin ba ya zuwa kai tsaye daga hannun masoyinka. Wani na uku ne da ba ka sani ba yake sallama da sunansa, ya ce ka taɓa shuɗin rubutun nan, wato linki, ka tafi wani wuri. Da jama'a suka saba da amsa irin wannan kira ba tare da tsayawa tunani ba, sai mazambata suka ga an share musu hanya.

Haƙiƙa ma sun riga katin zuwa. A Disamban 1987 wani ɗalibi a Jamus ya rubuta 'yar manhaja mai zana itacen Kirsimeti a allon kwamfuta, wadda yayin da mai kallo yake sha'awar zanen ita kuwa tana aika kanta ga duk sunan da ta iske cikin abokan wasiƙarsa, har ta cushe hanyoyin sadarwar kamfanin IBM. A farkon 1999 aka yi Happy99 mai nuna wasan wutar sabuwar shekara, a Mayun 2000 kuma wasiƙar soyayyar nan da ta taso daga Manila ta kwantar da ofisoshi a duniya cikin 'yan kwanaki. Amma wadda ta fi kusa da zancenmu ita ce annobar 2007 da aka sani da Storm, domin a tsakiyar shekarar masu ita sun yi ta kwararo wasiƙu masu cewa wani ɗan uwa, ko maƙwabci, ko abokin karatu ya aiko maka da kati, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Wanda ya taɓa linkin ya sauke abin da aka ba shi, kwamfutarsa takan zama baiwa a hannunsu, su riƙa aika waɗansu wasiƙun da ita shi bai sani ba. Kada kuma a zaci marasa ilmi kaɗai ake kamawa. A Disamban 2010 an aika wa ma'aikatan gwamnatin Amurka katin Kirsimeti da sunan fadar shugaban ƙasarsu, waɗanda suka buɗe kuwa aka cusa musu manhajar satar nan mai suna ZeuS, aka kwashe musu takardun aiki, alhali waɗansunsu aikinsu ma ya shafi tsaro. An dai zo musu ta ƙofar da ba su sa mata mai gadi ba.

Mu kuwa ƙofar tamu ta fi tasu faɗi, saboda gaisuwa a wurinmu ibada ce da tarbiyya. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta umarci wanda aka gaisar ya mayar da mafi kyau ko kwatankwacin abin da aka yi masa, an kuma rene mu a kan cewa ƙin amsa gaisuwa girman kai ne, ƙin amsa gayyata kuwa yanke zumunci, shi ya sa Bahaushe idan ya ga barka da Sallah da sunan wani, kunya takan riga hankali isa ga yatsansa. Wannan kunya ita ce jarin ɗan damfara, kuma abin yana yi mini ciwo, domin da mafi kyawun halinmu ake cutarmu. Amma Littafin da ya yi umarni da mayar da gaisuwa shi ne ya yi umarni, a aya ta 6 ta Suratul Hujurat, da neman tabbaci idan labari ya zo ta hannun wanda ba a amince masa ba, don kada a aikata abin da za a wayi gari ana nadama. Babu kuwa karo tsakanin umarnin biyu, tunda abin da aka ɗora maka shi ne ka amsa wa mutum, ba a ɗora maka taɓa linki ba.

To, mu fara da isnadi. Wasiƙar da Annabi Sulaimanu, alaihis salam, ya aika wa sarauniyar Saba'i, kamar yadda Suratun Namli ta ba da labari, ta zo da sunan mai ita a bayyane, sarauniyar kuma ba ta yanke hukunci a kanta ba sai da ta tara majalisarta; Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da aka gaya masa sarakunan da yake nufin rubuta wa ba sa karanta wasiƙa sai mai hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa; sarakunan Daular Usmaniyya su ma, daga Sakkwato har nan Zazzau, da hatimi ake gane takardunsu. Katin gaskiya a kan wannan tafarki yake: zai ambaci sunan wanda ya aiko, sunan da ka sani, sau da yawa har da adireshinsa na imel. Wanda ya ce maka "wani masoyinka" ko "ɗaya daga cikin danginka" ya faɗi tun a matakin farko, domin ko a ilmin hadisi ruwayar majhuli, wanda ba a san ko wane ne ba, ba a kafa hujja da ita.

Sai dai ganin suna bai wadatar ba. Ƙa'idar da imel ke tafiya a kanta, wadda aka tsara tun 1982 lokacin da ma'abotanta 'yan tsiraru ne da suka amince wa juna, ba ta tilasta wa mai aikawa ya tabbatar da ko shi wane ne ba, saboda haka kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin mai wasiƙa. An zo daga baya an ƙara matakan tantancewa, waɗanda suke taimaka wa Gmail da takwarorinsa su ture wasiƙu masu yawa zuwa akwatin tarkace, kuma katin da ka iske a can, maslaha ita ce ka bar shi a can. Wanda ya tsallake ya shigo, sai ka taɓa sunan mai aikawa domin cikakken adireshin ya bayyana, ka dubi abin da ya biyo bayan alamar @. Idan wasiƙa ta ce daga kamfanin kati take, amma adireshin na wani wuri ne dabam, ko an musanya harafi guda da lamba, ko an cusa wata kalma a tsakani, to wannan shi ne tadlisi, ɓoye aibin isnadi da sunan da ya yi kama da na amintacce. Haka linki: a kwamfuta ka ɗora 'yar kibiyar a kansa ba tare da ka danna ba, a waya ka danne shi ka riƙe, adireshin da zai kai ka zai fito. Abin dubawa a cikinsa, bayan an wuce https:// ɗin farko, shi ne sunan da ke dab da alamar / ta farko, domin shi ne ainihin mai shafin, duk abin da aka jera gabaninsa kuwa ado ne da mai shafin ya ga damar sawa, ko da sunan babban banki ne ko na ma'aikatar gwamnati. Adireshin da ba shi da suna sai jerin lambobi da ɗige-ɗige, irin wanda Storm ta yi amfani da shi, da wanda aka gajarta har ba a gane inda ya nufa, duka biyun isnadinsu yankakke ne. Hoton ɗan kwaɗon makulli da waɗansu manhajoji ke nunawa a gefen adireshi kuwa, iyakar shaidarsa ita ce babu mai leƙen zancenku a hanya. Bai shaidi halin wanda kake zance da shi ba, shafukan damfara ma suna samunsa kyauta.

Akwai kuma inda isnadi zai fito tas, lambar ta amininka ce, hoton nasa ne, amma hannun da ke rubutun na wani ne. Wannan cuta ta yi yawa a wurinmu yanzu, na kuma ga yadda take kama mutum a rumfar wani mai gyaran waya wajen Agoro, bayan wata Babbar Sallah. Wani dattijo ne ya miƙa wayarsa, ya ce, "Ɗana, duba mini, WhatsApp ɗina ya fita, ga mutane suna ta bugo mini wai na ce su ranta mini kuɗi."

Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Baba, akwai wanda ka karanta wa wata lamba kwanan nan?"

"Wani ne ya kira ni ranar Sallah, ya gaishe ni da sunana, ya tambayi iyali, ya ce daga ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taron gaisuwar Sallah ta intanet da daddare, an turo wa kowa lambar kujerarsa, in karanto tawa a rubuta."

"Guda shida ce, Baba?"

"Guda shida."

"To, sai haƙuri, Baba. Makullin WhatsApp ɗinka ne ka ba shi."

Yadda abin yake kuwa, ɓarawon yakan sa lambar mutum a tasa wayar kamar shi ne mai ita, kamfanin ya tura lambobi shida na tabbatarwa zuwa layin mai ita na gaskiya, shi kuwa abin da ya rage masa kawai shi ne ya sami wanda zai karanto masa su, gaisuwar da tambayar iyalin duk share fage ne. Da zarar ya shiga, ya gaji sunan dattijon da mutuncinsa da duk zaurukan da yake ciki, kuma duk katin da zai aika daga ranar, da linki ko da roƙon rance, zai isa ga mutane da isnadin da babu mai tuhumarsa.

Nan ne matani yake da aiki. Baƙon da ya yi sallama a zaure, ya faɗi sunansa, ka san shi, ka yi masa shimfiɗa. Amma in daga gaisawa ya ce ka ba shi makullin ɗakin ajiya ya gani, ai ka san ba gaisuwa ta kawo shi ba, ko da fuskarsa ta ɗan uwanka ce. Gaisuwar gaskiya ba ta da buƙata, ana ganinta an gama. Saboda haka katin da ya ce sai ka rubuta kalmar sirrin imel ɗinka kafin ya buɗe, ko ya nemi BVN ɗinka, lambar nan da Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, ko lambar katin ɗan ƙasa, ko lambobin katin cirar kuɗi, ko wata lamba da aka turo maka yanzu-yanzu, ya riga ya faɗi abin da ya kawo shi. Haka wanda ya zo da fayil a maƙale, ko ya ce sai ka sauke wata manhaja. Hoto na gaskiya sunansa yakan ƙare da .jpg ko .png, ya kuma bayyana da kansa. Wanda ya ƙare da .exe ko .zip ko .apk kuwa manhaja ce ko ƙunshin da ba ka san cikinsa ba, kuma wasiƙar Manila da wannan dabara ta ci duniya, ta sa wa fayil ɗinta wutsiya biyu, ta farko mai nuna rubutu ne kawai, ta biyu, wadda Windows ke ɓoyewa, ita ce ta aikin. A 2024 'yan sanda da masana tsaro a Indiya da Malesiya sun yi ta gargaɗi a kan katin gayyatar aure da ake turowa ta WhatsApp a siffar .apk, wanda in aka ɗora shi a wayar Android yakan nemi izinin karanta saƙonni, daga nan ya riƙa kwashe lambobin da banki ke turowa. Mu da ba ma mako guda ba a turo mana katin ɗaurin aure ko na suna ko na walimar sauka ba, ya kamata mu ji wannan da kunnen basira, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na goron Sallah kuwa ba sai an tsawaita ba: saƙon da ya gaishe ka, ya ce kamfanin waya ko gwamnati na rabon data ko tallafi albarkacin idi, ka cika sunanka da lambar asusunka, ka tura wa zauruka biyar kafin sha biyun dare, ya haɗa kwaɗayi da gaggawa da yaɗawa wuri guda, banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya fi wuyar hukunci shi ne na tsakiya, wanda malamai za su kira shubuha. Akwai shafukan nan da ɗan uwanka na gaskiya yakan turo maka da zuciya ɗaya, an rubuta wane ya aiko maka da gaisuwa ta musamman, ka taɓa ka ga sunansa yana ƙyalƙyali a tsakiyar fitilu, a ƙasa kuma a ce ka rubuta naka ka tura gaba. Da yawansu ba sa satar komai nan take, cinikinsu tallace-tallacen da suka cika shafin ne, yawan masu leƙowa shi ne ribarsu. Amma ba ka san mai shafin ba, ba ka san inda tallar za ta jefa ka in yatsanka ya zame ba, kuma shafin da ya tara jama'a bana da fitilu yana iya sauya kaya baɗi. Ni dai ina ganin barinsu ya fi, ba domin kowannensu ɓarawo ne ba, sai domin suna koya wa yaranmu da iyayenmu mata taɓa duk abin da ya yi shuɗi. Wata alama kuma da aka daɗe ana dogara da ita, wato gurguwar Hausa ko karyayyen Turanci, ƙarfinta ya ragu: Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun ƙarshen 2013, na'urorin yau kuwa suna iya tsara gaisuwa mai daɗin ji har da addu'a. Mummunan rubutu har yanzu dalilin tuhuma ne, amma kyakkyawan rubutu ya daina zama dalilin aminci.

Idan an auna duka biyun shakka ba ta gushe ba, hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da gaisuwar ta wata ƙofa dabam. Kati ya zo da sunan ƙanenka da ke Legas ko abokinka da ke Maraɗi, kira shi a lambar da ka daɗe da sani, ka yi masa barka da Sallah, ka tambaye shi ko shi ya aiko. In shi ne, ka amsa da abin da ya fi nasa kyau, tunda murya ta fi hoto, zumunta kuwa dama a ƙafa take, in kuma ba shi ba ne, ka tserar da kanka ka kuma farkar da shi. Kada ka yi tambayar ta cikin saƙon da kake tuhuma, domin ɓarawon ne zai amsa maka, ya rantse. Idan katin daga sanannen kamfani ya ce yake, rubuta adireshin kamfanin da hannunka, waɗansunsu suna ba da lambar karɓa da za ka sa a can ka ga katinka. Mai aikawa shi ma akwai haƙƙi a wuyansa, kada ya jefa masoyinsa cikin shubuha: ya tura hoton kai tsaye maimakon linki, ya ƙara kalma biyu da za a gane bakinsa ne, ya ambaci sunan wanda yake gaisarwa ko ya tambayi jikin Hajiya. Kowa kuma ya kunna wa imel ɗinsa da WhatsApp ɗinsa tabbatarwa mai mataki biyu, wadda a WhatsApp take sa ko an sami lambobin nan shida sai an nemi wata lambar sirri da mai waya kaɗai ya sani. Aikin minti biyu ne, kuma ɗan da ya yi wa mahaifinsa shi ranar Sallah ya yi masa babbar hidima.

Wanda kuwa ƙaddara ta riga fata ya taɓa, sauri ya fi masa komai. Ya kashe data, ya cire duk manhajar da bai san shigowarta ba, ya sauya kalmar sirrin imel ɗinsa daga wata na'ura, ya kira bankinsa a lambar da ke bayan katinsa ko ya tafi da ƙafarsa a rufe asusun na ɗan lokaci. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta irin wannan yaudara da yaɗa bairos, kuma ana iya kai ƙara ga 'yan sanda ko ga hukumar EFCC, wadda ke da ofishi a Kaduna. Abin da nake roƙo musamman shi ne kada kunya ta hana shi sanar da mutane, ta kira, ta bakin 'ya'yansa, ko ta sanarwa bayan salla a masallacin unguwa, cewa duk saƙon da ya zo da sunansa a yi watsi da shi, domin kowace sa'a da ya yi shiru wani mai ganin girmansa yana iya tura kuɗi. WhatsApp ɗin da aka ƙwace ana dawo da shi ne ta sake yin rajista da layin da ke hannun mai shi. Da ya sa sababbin lambobi shida da za a turo masa, an fitar da ɓarawon ke nan, sai dai in ɓarawon ya riga ya ɗora tasa lambar sirrin, mai asusun zai jira kwana 7 kafin ya iya shiga.